Yadda Ake Daidaita Agogon Kwamfuta Da Lokacin Tauraron Ɗan Adam

Kowace kwamfuta tana da agogo a cikinta wanda yake ci gaba da aiki ko da an kashe ta, domin akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo da ke riƙe da shi. Sai dai wannan agogo ba abin dogaro ba ne. Zafi da sanyi suna shafar tafiyarsa, sai ya riƙa yin gaba ko baya da 'yan daƙiƙoƙi, idan kuwa batirin ya mutu kwanan wata kan koma baya da shekaru. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce a ofis, domin takardu za su fito da kwanan watan da ba daidai ba, rajistar biyan kuɗi ta rikice, shafukan intanet masu tsaro kuma su ƙi buɗewa.

Kwamfutar da ke haɗe da intanet takan gyara agogonta ta hanyar tsarin NTP, wanda David Mills ya ƙirƙiro a 1985. Inda babu intanet kuwa, ana iya ɗauko lokaci kai tsaye daga sama.

Tsarin GPS mallakar Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kuma kammala a 1995. Taurarin suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kowannensu ɗauke da agogon atam, yana aiko da saƙon lokaci da wurin da yake. Na'urar karɓa tana buƙatar saƙon taurari huɗu kafin ta gane inda take, kuma cikin wannan lissafi ne take samun lokaci. Dole lokacin ya kasance daidai ƙwarai, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300 a ƙasa. Rasha da Turai da Sin suna da nasu tsarin, wato GLONASS da Galileo da BeiDou.

Da farko a ajiye eriya inda take ganin sararin samaniya, domin rufin kwano yana tare saƙon. Sannan a haɗa na'urar da kwamfuta. Na'urar tana turo layukan rubutu bisa ƙa'idar NMEA 0183, kuma layin da ake kira RMC ne yake ɗauke da lokaci da kwanan wata. A kwamfutar Linux, manhajar gpsd takan karanta layukan ta miƙa wa chrony ko ntpd, su kuma su gyara agogon sannu a hankali. Rubutun yakan ɗan makara kafin ya iso. Wannan ya wadatar ga aikin ofis, amma mai neman daidaito sosai sai ya nemi na'ura mai bugun PPS, wanda yake nuna ainihin farkon kowace daƙiƙa.

Wajibi ne jami'in kula da kwamfutoci ya lura cewa na'urar tana bayar da lokacin duniya ne, wato UTC, alhali Nijeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya. A gyara yankin lokaci a cikin kwamfuta, kada a ƙara awar da hannu.

Haka kuma akwai tarkon tsofaffin na'urori. Tsohon saƙon GPS yana ƙirga makonni ne tun daga 6 ga Janairu, 1980, idan ya cika mako 1,024 sai ya koma sifili. Hakan ya faru a watan Agusta na 1999 da kuma Afrilu na 2019, zai sake faruwa a Nuwamba na 2038. Na'urar da ba a sabunta manhajarta ba tana iya nuna awa daidai, amma shekara ta koma baya da kusan 20. Saboda haka, kafin a jingina kwamfutocin ma'aikata da kowace na'ura, a fara duba shekarar da take nunawa.