Kasuwar Kallon Kifin Wel Ta Fara Watsewa A Husabik

A arewacin ƙasar Aisilan, tsibirin nan da ke can ƙuryar tekun Atilantika, akwai wani ɗan gari a bakin ruwa, sunansa Husabik. Mutanensa ba su kai 3,000 ba, amma kowace shekara baƙi dubun dubbai sukan zo masa daga ƙasashe nesa. Abin da ke kawo su kuwa shi ne su biya kuɗi, su shiga jirgin ruwa, a kai su su ga kifin wel yana kiwo a cikin teku. Kasuwar nan takan fara ci tun daga watan Afril, ta cika maƙil a Yuli da Agusta, sa'an nan ta soma watsewa cikin Oktoba. Makonnin nan na ƙarshe su muke so mu duba, gama a cikinsu ne ake gane mai sana'ar kirki.

Da fari dai ya kamata mu san dabbar da ake magana. Ko da yake muna ce masa kifi, wel ɗan'uwan ayu ne na Binuwai da Kwara a wajen hali, watau yana ɗagowa ya shaƙi iska, macen kuwa tana haihuwa ta shayar da ɗanta nono. Wanda aka fi gani a Husabik shi ne mai doro, tsawonsa yakan kusa ƙafa 50, nauyinsa kamar tan 30. Wani lokaci kuma a farkon bazara akan yi dace da shuɗin wel, wanda babu dabbar da ta kai shi girma a duniya. A gidan kayan tarihi na garin, wanda aka kafa a 1997, akwai ƙasusuwan wani da teku ta jefo gaɓa a 2010, tsawonsu ya haura ƙafa 80.

Asalin Sana'ar

Mutanen Husabik masunta ne tun kaka da kakanni. Da aka soma yayin manyan jiragen ƙarfe, sai tsofaffin jiragen su na katako suka zama abin yarwa, har ana farfasa su. A shekarar 1995 waɗansu 'yan'uwa biyu na garin suka gyara ɗaya daga cikin jiragen nan, suka fara ɗaukar baƙi zuwa cikin gaɓar tekun da ake kira Sikyalfandi. Ashe da tsohuwar zuma za a yi magani. Kafin a jima waɗansu suka bi sahu, garin masunta ya zama garin masu saukar baƙi.

Dalilin da ya sa wel ke taruwa a wurin shi ne koguna biyu suna zuba a cikin gaɓar nan, suna kwaso albarkar ƙasa daga tudu. Idan rana ta yi tsawo, har a watan Yuni da ƙyar take faɗuwa, sai ƙananan tsirai su yaɗu cikin ruwa. Jatan lande da ƙananan kifaye su taru suna ci, wel kuma ya zo ya ci su. Fita ɗaya takan ɗauki kamar awa uku. Akan ba kowane baƙo wata rigar sanyi mai rufe jiki duka, a zagaya da shi ya ga duwatsu masu rawanin ƙanƙara a ƙetaren ruwa, da tsibirin Lunde inda wani tsuntsu mai jan baki kamar na aku yake yin sheƙa.

Alamun Tashin Kasuwa

Tsuntsayen nan su ke fara sallama, gama da tsakiyar Agusta sun tashi sun koma tsakiyar teku. Daga nan rana ta dinga gajarcewa, har a watan Disamba haskenta bai fi awa uku ba. Iskar arewa ta taso, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, sai a wayi gari an soke fita, a mayar wa mutane kuɗinsu. Jirgin da ke fita sau da yawa a yini ya koma fita ɗaya, ita ma da kujeru a wofi, alhali kuwa man da zai sha bai ragu ba. Matasan da aka ɗauka aikin yi wa baƙi bayani, da yawansu 'yan waɗansu ƙasashe ne, sai su ɗaure kayansu su koma gida ko makaranta.

Shi ma wel yana shirin tafiya. Ko da yake waɗansu sukan yi zamansu, yawancin masu doro sukan nufi kudu, zuwa ruwan ɗumi na Karibiyan, tafiyar kusan mil 4,000, waɗansu kaɗan kuma zuwa tsibiran Kef Bade da ke yamma da Sanagal. An san haka ne domin zanen da ke ƙarƙashin wutsiyar kowane ɗaya dabam yake da na ɗan'uwansa, kamar zanen yatsan mutum, masana kuwa suna gwada hotunan da aka ɗauka nan da can. A can kudu suke barbara su haihu, amma babu abincin kirki. Kitsen da suka tara a arewa da shi za su yi tafiyar, su shayar da 'ya'ya, su komo.

Inda Gwajin Yake

To, a nan ne bukata biyu suka haɗu. Mai jirgi yana neman kuɗin ƙarshe da zai kai shi ƙarshen hunturu, wel kuma yana neman cin ƙarshe da zai kai shi ƙarshen tafiya. Ga baƙi sun biya, sun sha sanyi, suna so su gani kusa. Direban da kwaɗayi ya rinjaya zai iya taka jirgi ya bi dabbar a guje, ko ya tare mata gaba. Ƙarar inji kuwa tana damun wel ƙwarai, domin da sauti yake sanin abin da ke kewaye da shi, in an matsa masa sai ya bar kiwo ya nutse. Kowace loma da ya rasa a Oktoba zai ji ta a Fabrairu.

Saboda haka ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasar ta tsara wa kanta ƙa'idodi: a rage gudu tun daga nesa, a tunkari dabba daga gefe, kada jirage su yi mata zobe, kada a daɗe a kanta. Babu ɗan sanda a tsakiyar teku, amanar tana hannun direba. A 2015 kuma kamfanin 'yan'uwan nan biyu ya sa wa wani jirginsa injin lantarki, don ya riƙa tafiya shiru.

Har wa yau akwai tsohuwar gardama a ƙasar, wato ko a kalli wel ko a farauce shi. Hukumar duniya mai kula da farautar wel ta tsayar da farautar ciniki daga 1986, amma Aisilan ta koma yi a 2006. A 2022 an kashe 148 na wani iri mai tsawo, a 2023 aka kashe 24, a 2024 ba a kashe ko ɗaya ba. Hujjar masu jiragen kallo ita ce wel da aka kashe sau ɗaya ake sayar da shi, mai rai kuwa yana iya shekara 50 yana komowa.

Ita ma sana'ar kallon tana da nata rauni. A 2018 baƙin da suka shiga Aisilan sun haura miliyan 2, ga ƙasar da mutanenta ba su kai 400,000 ba. A 2020, da annobar korona ta rufe hanyoyi, ba su kai rabin miliyan ba. Wanda bai yi tanadi ba ya ji jiki.

Idan jirgin ƙarshe ya komo, aiki bai ƙare ba. Akan ja jiragen a hau da su tudu, a kankare gindinsu, a sauya katakon da ya ruɓe, a toshe kafofi, a shafa fenti, a kwance inji a duba. Akawu kuma ya zauna da littafinsa, ya raba abin da aka samu cikin wata shida ko bakwai ya ishi wata goma sha biyu, kamar yadda magidanci ke auna rumbu bayan kaka. Sai watan Afril, in masu doro sun fara ɓullowa a bakin gaɓar Sikyalfandi a rame, sa'an nan kowa zai san ko lissafinsa ya yi daidai.