Kujera Mai Juyawa a Motar Kwana: Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A ƙasashen Turai irin su Jamus da Ingila akwai motar da ake tafiya hutu da ita, a yi girki a ciki, a kwana a ciki. Misalinta ita ce Volkswagen California.

Matsalar irin wannan mota ita ce ƙarancin wuri. Da an tsaya, kujerun gaba ba su da amfani, tunda titi suke kallo. Shi ya sa ake ɗora su kan farantin ƙarfe mai juyawa digiri 180. Sai mutum huɗu su zauna a tebur, su ci abinci suna kallon juna.

Amma fa akwai illa. Farantin yana ƙara wa kujera tsayi, dogon direba zai takura. Sitiyari da birkin hannu kuma sukan tare kujerar direba wajen juyawa. Babban haɗarin shi ne a tayar da mota ba a kulle kujerar ba. Idan aka taka birki da ƙarfi, za ta iya juyawa da mutum ya ji ciwo.

A ganinmu, a ƙaramar mota kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Wanda kuɗinsa bai kai na biyu ba, ya fara da kujerar fasinja, domin ta fi sauƙin juyawa.