Harajin da Ya Haifi Amurka

Bayan yaƙinta da Faransa ya ƙare a 1763, bashi ya yi wa Ingila katutu, sai ta ɗora wa yankuna 13 da ke ƙarƙashinta a Amurka haraji. Mazauna yankunan suka ce ba su yarda ba, tunda ba su da wakili a majalisar Landan. A 1773, don nuna adawa da harajin, wasu daga cikinsu suka zubar da ganyen shayi a tashar jiragen ruwa ta Boston. Yaƙi ya ɓarke tsakanin yankunan da Ingila a 1775, aka ayyana 'yanci ranar 4 ga Yuli, 1776, Faransa kuma ta mara wa yankunan baya. Tsarin mulkin 1787 ya kafa sabuwar gwamnati, George Washington ya zama shugaba a 1789. Abin takaici, bayi baƙar fata suka ci gaba da zama cikin ƙangi.