ZURFIN CIKI A GIDAJENMU

Mu Hausawa muna yabon mai kawaici. Tun muna ƙanana aka koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, yaro kuma ba ya ɗaga ido ya dubi ubansa. Wannan ladabi ne, muna kuwa son 'ya'yanmu su riƙe shi. Amma akwai inda kunya takan tsaya, zurfin ciki ya soma.

A nan Rimin Gado, a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, gonaki sun haɗa iyaka da juna, daji ya ƙare. A da, ɗa yakan yi wa ubansa noman gandu daga safe har azahar, sa'an nan ya wuce gayaunarsa. Uba kuwa ya ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa aure. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji a 1979, gonar kuma kowane rabon gado sai ta ƙara tsukewa. Yanzu saurayi ya san wannan 'yar gona ba za ta riƙe shi da 'yan'uwansa huɗu ba. Uban ma ya sani. Ba wanda zai fara faɗa. Ran nan sai a wayi gari yaro ya tafi Kano ba sallama, yana tuƙa A Daidaita Sahu, uba kuma yana gaya wa dattawan Ekklisiya an raina shi.

Haka matan aure. Takan shanye magana wata da watanni, maigida yana cewa ya yi dace da mai haƙuri, sai ga yaji. A aji ma muna gani. Yarinya ta daina ɗaga hannu, sai bayan mako uku mu gane kuɗin littafi ne ba ta iya roƙa a gida ba.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana irin wannan ba. A 2 Sama'ila sura 13, Absalom bai tanka wa ɗan'uwansa Amnon ba a kan abin da ya yi wa Tamar. Dawuda ya husata ƙwarai, amma ba mu karanta ya ɗauki mataki ba. Shekara 2 gidan sarki shiru, ƙarshenta jini ya zuba.

To, yaya ɗa zai yi magana ba tare da rashin kunya ba? Kakanninmu sun bar mana hanya. Akwai kawu da gwaggo, akwai kaka wadda jika ke wasa da ita, ana iya aiko su. Mace tana da uwar ɗakinta a Zumuntar Mata. A zaɓi lokaci kuma, kada a tari mutum ya dawo daga gona da yunwa. A faɗi abu ɗaya tak, ban da tone-tonen bara.

Amma nauyin ya fi kan manya, gama ƙarami ba shi da ikon buɗe zance. Bayan sujadar yamma, uba ya kira ɗansa shi kaɗai a zaure, ya ce, "Wane, me kake so ka yi bayan girbin dawa?" Sa'an nan ya yi shiru, ya jira amsa, ko da za ta daɗe.