Gogen Turawa Ya Ɗauki Kiɗan Afirka, Ban Da Na Nijeriya

A shekarar 1992 ne wata ƙungiyar makaɗa huɗu ta ƙasar Amurka mai suna Kronos Quartet, wadda David Harrington ya kafa a 1973, ta fitar da faifan Pieces of Africa. Kayan kiɗansu goge ne irin na Turawa: ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, da wani ƙato da akan kafa a ƙasa.

Mutum bakwai 'yan Afirka ne suka tsara kaɗe-kaɗen. Hamza El Din, ɗan Nubiya, ya kwaikwayi jujjuyawar keken ban-ruwa a bakin Kogin Nilu, shi kuwa Foday Musa Suso na Gambiya ya shigo da korarsa. Faifan ya kai matsayi na ɗaya a jerin mujallar Billboard, masu sharhi da yawa kuma suka yaba. Amma ba a rasa ƙorafi ba, domin tun da farko an soki ɗayansu, Kevin Volans, farar fata ɗan Afirka ta Kudu, da aron kiɗan baƙar fata a zamanin wariyar launi. Daga baya ƙungiyar ta haɗu da Trio Da Kali na Mali, suka yi faifan Ladilikan wanda ya fito a 2017.

Babu ɗan Nijeriya cikin bakwai ɗin. Alhali kuwa a Maiduguri, kamar sauran garuruwan Arewa, an daɗe da sanin goge da kukuma masu tsirkiyar izgar doki. Sai dai jama'a da yawa suna ɗaukar mai goge makaɗin bori ne da gidan giya, shi ya sa ba kowane uba ke barin ɗansa ya koya ba.