Smith: Maƙerin da Ya Cika Ƙasar Turawa da Suna

 

Maganarmu ta yau wata 'yar uwa ce daga Zariya ta jawo ta. Ta aiko mana da saƙo cewa ɗanta ya zo da littafin Turanci daga makaranta, yana karanta mata, sai ta ji maigidan da ke cikin labarin sunansa Smith, matarsa Smith, 'ya'yansu biyu su ma Smith. Ta ce ita abin ya ɗaure mata kai: shin mutumin nan ƙanwarsa ya aura, ko kuwa sunaye ne suka ƙare wa Turawa? Na yi dariya da na ji tambayar, amma da na zauna na duba sai na ga tambaya ce mai nauyi, domin amsarta ta biyo har cikin ɗakunanmu.

Da farko dai, Smith, wanda bakinmu ya fi saurin kira Simit, ba sunan yanka ba ne. Ba a raɗa wa jariri shi ran suna. Suna ne na zuri'a, wanda ɗa ke gada daga uba, uba daga kaka, haka har a ɓace. Ma'anarsa kuwa ba wata mai nisa ba ce: maƙeri. Wallahi shi ke nan. Duk Baturen da kika ji ana kira Mista Smith, komai tsadar kwat ɗinsa, Malam Maƙeri ake ce masa da harshensu.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai a Turanci, tana nufin mai sarrafa ƙarfe, kuma an samu an rubuta ta a jikin sunan wani mutum a arewacin Ingila tun wajen shekara ta 975. Amma a wancan zamani laƙabi ne kawai, kamar yadda za mu ce Audu Maƙeri don a bambanta shi da Audu Tela. In Audu Maƙeri ya haifi ɗa ya zama mahauci, ai ba wanda zai kira ɗan Maƙeri. To haka su ma suke, suna ɗaya kowa ke da shi, sai laƙabin da ke mutuwa tare da mai shi.

Abin da ya sauya lamarin shi ne mulki da haraji. A 1066 wani sarki mai suna Wiliyam ya tsallako teku daga Nomandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, ya raba ƙasar ga manyan mayaƙansa. Su waɗannan manya suka fara riƙe suna ɗaya a gida, saboda a san wanda zai gaji gona da gini. A hankali abin ya gangaro kan talakawa. Ga kuma wata matsala: sunayen yankan Turawan lokacin 'yan kaɗan ne, gari guda sai ki tarar rabin mazan Jon ne ko Wiliyam ko Tomas. Ki ɗauka a ce unguwarku duk Muhammadu ne da Abubakar, mai karɓar haraji ya zo da littafinsa, yaya zai gane wanda ya biya da wanda ya ɓuya a bayan rumbu? Dole ya ƙara wani abu. A 1377 aka ɗora harajin kai a kan kowane baligi, mace da namiji, aka sake a 1379 da 1381, kuma a na baya-bayan nan an bi mutane ana rubuta su da suna. Harajin 1381 har tawaye ya jawo, jagoran tawayen kuma sunansa Wat Tyler, wato shi ma sunan sana'a ne, mai rufin ɗaki. Zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun riga sun sami sunan da ake gada. Daga 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta wanda aka yi wa wankan suna, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Abin da ya shiga littafi kuwa ya zauna. Jikan maƙeri ko bai taɓa riƙe masaba ba, Smith yake har kabari.

To me ya sa sunan maƙeri ya fi na kowa yawa, bai zama na tela ko na mahauci ba? Ki leƙa madafinki ki ƙirga abin da ya fito daga maƙera: wuƙa, murhu, ludayin ƙarfe, kwadon ƙofa. Ki leƙa zaure ki ga fartanya da lauje da gatari. Yanzu ki ƙara da cewa su Turawan da, da doki da shanu suke noma da sufuri da yaƙi, kuma dokinsu sai an buga masa takalmin ƙarfe a kofato. Ga ƙusa, ga sarƙa, ga bakin garma, ga takobi da sulke. Ƙauye zai iya zama babu tela, mata su ɗinka da hannu, amma ba zai kai damina biyu babu maƙeri ba. Saboda haka kowane ƙauye da nasa, kuma da yake sau da yawa shi kaɗai ne, da an ce maƙeri an san wanda ake nufi. Dubban ƙauyuka, dubban maƙera, kowanne ya bar wa zuri'arsa sunan. Wannan ya sa Smith biyu za su haɗu a jirgi, babu abin da ya haɗa su ko ta wajen kakan kaka. Binciken jini da masana suka yi a Ingila ya nuna masu wannan suna ba tsatso ɗaya suka fito ba.

Wani abin da ya burge ni, yadda muke raba maƙeran baƙi da maƙeran fari, su ma haka suke yi. Mai ƙera baƙin ƙarfe suna ce masa blacksmith, mai aikin farin ƙarfe whitesmith, kalma da kalma irin namu. Akwai mai zinariya, Goldsmith, akwai mai ƙera kan kibiya, Arrowsmith, duk sun zama sunayen gidaje. Wasu kuma suna rubuta nasu Smyth ko Smythe.

Yau Smith ne sunan zuri'a mafi yawa a Ingila, inda kusan mutum ɗaya cikin kowane ɗari ke amsa shi. Haka yake a Sikotlan da Ostareliya. A Amurka, ƙidayar 2010 ta sami mutum fiye da miliyan 2 da dubu 400 masu wannan suna, shi ne na ɗaya. Sai dai ba dukansu jikokin maƙeran Ingila ba ne, sunan ya haɗiye na wasu. Jamusawa suna da Schmidt, ma'anarsa ɗaya, kuma da yawa daga waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka sun mayar da shi Smith, musamman lokacin yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, sa'ad da sunan Jamusanci ya zama abin tsangwama. Wasu mutanen Ailan da Sikotlan masu suna MacGowan, wato ɗan maƙeri da harshensu, su ma sun juya shi.

Akwai kuma ɓangare mai ɗaci. A ƙidayar nan ta 2010, fiye da ɗaya cikin biyar na masu suna Smith a Amurka baƙaƙen fata ne. Kakanninsu daga nahiyarmu aka kwashe su a jiragen ruwa, aka raba su da harshensu da sunayensu. Da aka haramta bauta a 1865, da yawa sun fito da sunan gidan da ya mallake su, wasu kuma suka zaɓi sunan da ya fi yawa don su saje. Irin wannan ne ya sa ɗan damben nan Muhammad Ali ya yar da sunan Clay a 1964, ya ce na bauta ne.

In kika bi duniya, kusan kowace al'umma tana da nata Smith ɗin. Larabawa suna da Haddad, mutanen Folan suna da Kowalski, Faransawa Lefebvre. Motar nan ta Italiya mai shegiyar tsada, Ferrari, sunan gidan mai ita ne, asalinsa kuwa maƙeri. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen girmama sana'ar. Muna da sarautar Sarkin Maƙera, muna da unguwanni masu suna Maƙera, kamar ta Kaduna, kuma labarin kaka da kakanni ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala, garin ya ci sunansa. Sauran sunayen Turawan ma in kika saurara kin san su: Taylor shi ne tela, Cook kuku, Carpenter kafinta. Har akwai waɗanda asalinsu na mata ne, irin su Webster, masaƙiya, da Baxter, mai gasa burodi.

Sunan Smith ya taɓa shiga gidan kulle a ƙasar nan, ta hanya mai kyau. A ƙarshen 1949 wani mai bincike ɗan Jamaika, M. G. Smith, yana aiki a ƙasar Zazzau. Shi namiji ne, iyakarsa zaure. Matarsa Mary, wadda ta iya Hausa, ita ce ke shiga cikin gida. A Giwa ta haɗu da wata tsohuwa ana ce mata Baba, suka yi makonni suna zama, tsohuwar na ba da labarin rayuwarta, aure-aurenta, kishiyoyi, ƙawaye, harin bayi, zuwan Turawa, ita kuwa tana rubutawa. Littafin ya fito a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya in ana son sanin rayuwar Bahaushiya. Akwai kuma Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila masanin tarihi da ya musulunta, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ya sauya sunan yanka, amma na zuri'a ya bar abinsa.

Yanzu mu dawo kan tambayar 'yar uwarmu. A'a, ba ƙanwarsa ya aura ba. Al'adar Ingila ce mace in ta yi aure ta ajiye sunan gidan ubanta ta ɗauki na miji. Ita kanta Mary ɗin da na ambata, Smith na mijinta ne. Tushen al'adar kuwa wata tsohuwar dokar ƙasar ce da ke ɗaukar miji da mata mutum ɗaya, mutumin nan kuma shi ne mijin. Abin da ta shigo da shi da abin da ta samu da guminta, hukuma na ganinsa a hannun miji yake. Sai a 1870, sannan a 1882, majalisarsu ta yi dokokin da suka ba matar aure ikon riƙe dukiyarta. Ki auna wannan da ke, da sadakinki naki ne, gadonki naki ne, kuɗin ƙuli-ƙulinki da tumakinki naki ne. Dokar ta tafi, al'adar sunan ta zauna, ko da yake a yau ba wata doka a Ingila da ke tilasta wa mace ta canza, kuma akwai masu ƙin canzawa.

Mu a nan ba mu gaji haka ba. Nana Asma'u ta yi aure da Waziri Giɗaɗo shekaru masu yawa, amma 'yar Shehu muka san ta. Matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da sunan iyayensu maza ake kiransu. Sunan da ake gada har jikoki ma ba namu ba ne. Da makarantar boko ta zo da rajista mai gurbin sunan zuri'a, iyayenmu sai suka cike da abin da ya samu: wani ya sa sunan uba, wani na gari, shi ya sa muke da Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur.

Ni kaina gurbin nan ya taɓa cizo na. Lokacin cikina na fari na je awo, ma'aikaciyar ta tambayi sunan maigida. Ku kun san Bahaushiya da wannan, sai na yi ta kame-kame, ƙanwarsa da ta raka ni ce ta faɗa. Ashe a matsayin sunana na biyu ta rubuta shi. Aka yi ta ƙwala mini kira a bainar jama'a da sunan da ko a ɗaki ba na iya furtawa. Wannan mai sauƙi ne. Daga katin nan sunan ya bi ni zuwa wata takarda, alhali takardun makarantata duk da sunan mahaifina suke. Ranar da na je buɗe asusu aka ce mutum biyu ne, sai da na yi rantsuwar kotu da jeka-ka-dawo na makonni kafin a yarda ni ce ni.

Na san da yawanku ba ku ne ke zuwa ofis ba, maigida ne ko ƙane ko ɗa ake aika da fom. To kafin ya fita, ki ce ya karanta miki abin da ya rubuta. In sunan mahaifinki ne a katin ɗan ƙasa, shi za a sa a banki, a asibiti, a fasfon aikin Hajji, da harufa iri ɗaya. Wadda ta zaɓi sunan miji, ta sani in aure ya ƙare ko ya rasu ta sake wani, takardun ba su san da haka ba, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Yara kuma a tsayar musu da suna ɗaya tun daga takardar haihuwa. Kada firamare a rubuta Muhammad, sakandare Mamman, wa ya sa sunan uba, ƙane ya sa na kaka, sai ranar jarrabawar fita a tarar ba su dace ba.

'Yar uwarmu ta Zariya, ki gaya wa ɗanki littafinsa labarin gidan Malam Maƙeri yake karantawa. Lokaci ya yi mana halinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara, a huta lafiya.