Faɗuwar Gaban Mai Jego

Shirinmu na yau ɗakin mai jego ya nufa.

An yi suna, baƙi sun watse, ana cikin wankan jego. Sai mai jego ta ce gabanta na faɗuwa, zuciyarta na dukan uku-uku. In ta kwanta numfashi ya gagara sai ta tashi zaune, ƙafafu sun kumbura, ga tarin dare. A gidaje da yawa daga Funtua zuwa Bakori da Kafur, sai a ce gajiyar haihuwa ce, a ƙara mata ruwan zafi.

Sunan ƙasarmu ya daɗe a littattafan likitocin zuciya saboda wannan ciwo na raunin zuciyar mai jego. A 1974 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga binciken Dakta Davidson da Farfesa Eldryd Parry na asibitin koyarwa na ABU Zariya, inda suka ce ciwon ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi. Mata 224 suka duba cikin shekara uku, kuma an fi kawo su a watan Yuli, tsakiyar damina, maigida na can gona. Sun zargi wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ta ƙara wa gajiyayyiyar zuciya kaya.

Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitocin Najeriya da dama. Abin da suka fi gani tare da ciwon shi ne rama, da rashin abin hannu, da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adar jego. Wannan bai wanke kanwa ba ga wadda zuciyarta ta riga ta raunana. Cikin mata 244 da aka bi sawunsu, aka fitar da sakamako a 2020, kusan 19 cikin 100 sun rasu. Waɗanda ba su kai shekara 20 ba, da masu saurin bugun zuciya, su ne hatsarin ya fi hawa kansu, masu shan maganin da ke lafar da bugun a kai a kai kuwa sun fi tsira.

Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a yi tiyata a Inugu, amma yawancin matan nan ba wuƙa suke bukata ba. Abin da suke bukata shi ne awon bugu, hoton zuciya, da magani kan lokaci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, jama'a, shi ne ranar rigakafi. Sati shida da haihuwa, ana fita arba'in, uwa ke kai jaririnta a yi masa allura. A auna yaro, a rubuta a kati, ita kuwa ta goya shi ta koma gida. Ina roƙon ma'aikatanmu na lafiya su riƙe wuyan hannunta minti ɗaya, su ƙirga bugun, su tambaye ta yadda take kwana.